Ƙarfen Jegon Iya Ɗaso

Ni direban bas ne, ba likita ba, ba soja ba. Sunana Usaini, mutumin Funtuwa. Shekarata goma sha ɗaya ina kwasar masu ibada daga tashar Kudai zuwa Harami, in juyo in kwaso wasu. Ina da iƙama, wato takardar zama, kuma matata Saudat da 'yarmu Amatullahi duk a kan takardata suke rataye. Na fara da wannan ne saboda a Makka mutane iri biyu ne, mai takarda da marar takarda, kuma in ba ka riƙe wannan ba labarin ba zai shige ka ba.

Iya Ɗaso marar takarda ce. Daga Damagaram suka zo hajji ita da mijinta Maman tun ba a haife ni ba, suka gama, suka ƙi komawa. Maman ya rasu, an binne shi a nan. Ita kuwa ta zauna a wani ɗan ɗaki a lungun Hindawiyya tana karɓar haihuwar matan da ba su isa su je asibiti ba, har ma waɗanda suka haihu a asibitin, ita ke zuwa ta yi musu wankan jego. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, a can gida ma babu wanda ya san fuskarta. Burinta guda ne, kuma kowa ya sani don ba ta gajiya da faɗa: ta mutu a Makka, a sallace ta a Harami, a sa ta a ƙasar da aka sa Maman. Lokacin babban kamen marasa takarda na ƙarshen 2013 wata uku cur ba ta leƙo bakin titi ba, mata ne ke kai mata burodi da ful, wato dafaffen wake.

Tana da wani ƙarfe. A gida ai ka san ana ajiye wuƙa ko almakashi a kan jariri saboda iska. Malamai sun yi wa'azi sun gaji, mata sun ji, sun ce to, sun ci gaba da abinsu. To Iya Ɗaso ba wuƙa take sawa ba. Bayan yaƙin Kuwait Maman ya yi aiki da wani ɗan kwangila mai kwashe ƙarafan da yaƙi ya bari a sahara, suna yanka ƙonannun tankoki suna lodawa a tirela. A can ya tsinto shi cikin yashi. Bai fi tsawon ɗan yatsa da rabi ba, baƙi ne, kansa da tsini, amma in ka ɗaga sai hannunka ya yi ƙasa, ka sake duba abin da aka ba ka. Mata suka ce ƙarfe mai wannan nauyi babu aljanin da zai tsallake shi. Tun daga nan duk jaririn da ya bi ta hannun Iya Ɗaso, ƙarfen na kwana ƙarƙashin shimfiɗarsa, daidai kai, har arba'in. Yakan yi wata irin tsatsa ruwan ɗorawa, sai ta kankare da farce, ta shafe shi da man zaitun, ta naɗe a hankici.

Amatullahi ma ta kwana a kansa kwana arba'in. Tana shekara uku aka ce tana da ciwon dajin jini. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru tana da huɗu da rabi, gashinta ya zube, duk sati biyu muna kai ta wani asibiti a Jidda. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Wa ma zai haɗa?

Wata Talata cikin Sha'aban na 2014 Iya Ɗaso ta tare ni da safe ta ce matar Mukhtaru ta Kudai ta sauka, namiji, ga ƙarfe in miƙa musu tunda hanyata ce, ita ƙafarta ta kumbura. Na karɓa na ɗora a gaban mota, gefen sitiyari. Da hantsi na ɗauko wasu 'yan umra 'yan Iraƙi. Wajen shiga ramin dutsen da titi ya ratsa wani ɗan tasi ya yanko gabana kamar titin na ubansa ne, na taka birki, hankicin ya warware, ƙarfen ya gangaro ya tsaya a ƙafar wani dattijo mai harami da ke kujerar gaba.

Dattijon ya sunkuya ya ɗauka don ya miƙo mini. Da ya ji nauyin sai ya sake shi, ya shiga goge tafinsa a jikin kujera kamar ya taɓa kashin kare.

Ya ce, "Ya sheikh, ina ka samo wannan?"

Larabcinsu na Iraƙi da nauyi yake, amma na ji shi. Na ce ƙarfen wata tsohuwa ce.

"Me take yi da shi?"

Na ce ana sa wa jarirai a ƙarƙashin kai.

Wallahi ban taɓa ganin mutum cikin harami ya yi irin wannan fuska ba. Ya ce la haula ya fi sau biyar. Da muka isa, mutanensa suka sauka, shi ya ƙi sauka. Ya ce shi mutumin Basra ne, makanikan soja ne a da. Ya ce wannan ba ƙarfe ba ne, zuciyar harsashi ce, irin wanda jiragen Amurka suka riƙa yi wa tankokinsu ruwa da shi. Da yuraniyom ake yin sa, ba mai kyan da ake bam da lantarki da shi ba, ragowar da ke saura in an tace, kamar dusa bayan tankaɗe. Saboda nauyinsa yake huda tanki, in ya huda ya kama da wuta ya zama ƙura, ƙurar ta bi iska ta sauka a gona da rijiya. Ya ce a unguwarsu yara sun yi wasa cikin tankokin nan shekara da shekaru. Ya ce jikokin ƙanwarsa biyu ciwon jini ya kashe, kuma in ina so in ga abin da ake haifa a wasu garuruwansu, in duba waya, amma kada in duba ina cin abinci.

Na ce to su masu harsashin me suka ce?

Ya ce, "Sun ce babu hujja." Ya gyara mayafin haraminsa. "Kana da 'ya'ya?"

Na ce ɗaya.

"Lafiyarta ƙalau?"

Mai kula da layi ya buga mini gefen mota ya ce yalla, in matsa. Dattijon ya sauka, kuma ban sake ganinsa ba. Na sa tsumman goge gilashi na ɗauki ƙarfen, na jefa a gwangwanin madara, na tura ƙarƙashin kujerata. Mukhtaru ya kira ni sau uku a ranar, na ce masa na manta shi a gida.

Da na gaya wa Saudat ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki waya ta shiga ɗaki, ta yi abin da dattijon ya ce kada a yi ana cin abinci. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce mini, "Abban Amatu, ka tuna kai ka ce ba ka son a sa mata, bidi'a ce. Ni na jira ka fita aiki na aika aka kawo."

Na ce na tuna, amma ai ni ma da na gani ban cire ba.

Ta ce, "Ina so in sani. In ni na yi mata, ina so in sani."

Ranar Lahadi muka kai yarinya Jidda. Likitarta 'yar Sudan ce, doguwa, ba ta da yawan fara'a amma ba ta ƙarya. Na nuna mata hoton ƙarfen a waya, na ba ta labari daga farko. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce in dai abin da mutumin ya faɗa ne, to kada kowa ya sake taɓa shi da hannu. Na ce ba wannan na tambaya ba, tambayata shi ne ko ba shi ba ne.

Ta ce, "Ka zauna, ya Usaini." Na zauna. Ta ce irin wannan ƙarfe, in yana dunƙule, abin da yake fitarwa kaɗan ne, mafi yawansa ko fata ba ya wucewa. Haɗarinsa in ya zama ƙura ne aka shaƙa, ko ya shiga ciki ta ruwa ko abinci, kuma wurin da ya fi fara taɓawa ƙoda ce. Ƙodar Amatullahi kuwa ras take. Ta ce yawancin yaran da ke wannan ɗakin iyayensu ba su taɓa jin sunan yuraniyom ba, ciwon yakan zo haka nan babu wanda ya san dalili.

Saudat ta ce, "To ba shi ba ne ke nan."

Likitar ta ce ba ta faɗi haka ba. Ta ce jariri ba babba ba ne, kwana arba'in ba kwana ɗaya ba ne, kuma tsatsar da ake kankarewa da farce ba ta san inda take zuwa ba, hannun da ya kankare shi ne ke wa jariri wanka. Babu wanda ya taɓa gwada irin wannan a kan jarirai, don babu wanda ya taɓa tunanin za a yi.

Na ce to yaran Iraƙi fa?

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce shekara ashirin ke nan masana na faɗa a kai. Wasu likitocin can sun ce ciwon ya ninka bayan yaƙi. Wasu sun ce haka ne, amma a wurin da rijiyoyin mai suka ƙone, aka zuba guba iri-iri, asibitoci suka rushe, aka rasa rajistar da za a gwada jiya da yau, ta ina za ka ware laifin abu ɗaya? Ta ce ko bara an fitar da wani rahoto da ya ce ba a ga ƙari a fili ba, wasu suka ce an wanke rahoton ne kafin a fitar. Ta ce akwai wata abokiyar aikinta 'yar Iraƙi a hawa na uku, sun daina wannan zancen don su ci gaba da shan shayi tare.

Na ce yanzu ni ya zan yi.

Ta ce abu na farko a tabbatar da mene ne ƙarfen, kuma nawa yake fitarwa. Su asibiti ba sa wannan, sai hukuma. Ta rubuta mini sunan ofishin a bayan katin ganin likita.

A hanyar dawowa muka wuce shingen bincike. Duk mun san abin da kalmar hukuma take nufi a Hindawiyya. Hukuma ba ta karɓar abu ta ce na gode, sai ta tambayi daga ina.

Washegari da la'asar na je wurin Iya Ɗaso. Na same ta a ƙofar ɗaki ta miƙe kumburarriyar ƙafa tana gyaran zogale. Na gaishe ta, na zauna a kan bokiti, na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurara har na gama, hannunta bai daina aiki ba.

Ta ce, "Ɗan nan, ƙarfen nan yara nawa suka kwana kansa?" Ta fara jero su da sunaye, tana haɗawa da na iyayensu mata. Abdulwasi'u mai tasi, da ƙannensa huɗu. 'Yan biyun gidan mai wanki. Ta wuce hamsin ban ji ta yi tuntuɓe ba. Ta ce biyu sun rasu, ɗaya ƙyanda, ɗaya ya faɗo daga bene. Sauran ga su nan suna cika wa mutane kunne, wasu har sun haifi nasu. "In guba ce, don mi ta tsallake hamsin ta faɗa kan taka?"

Na ce ban sani ba, Iya. Na ce Baba Maman fa, me ya kashe shi?

Nan ta tsaya da zogalen. Ta ce ƙafafunsa ne suka kumbura, fitsari ya ƙi, aka ce ƙoda. Sai kuma ta ce amma ai yana da sukari, kuma taba ba ta barin bakinsa, shekararsa ta kai saba'in. Ta kalle ni kamar ni zan raba mata gardamar. Na kalli ƙasa.

Ta ce, "Kai shi wa hukuma ka ke so ka yi."

Na ce Saudat ba ta barci, ba ta cin abinci.

"Ka kai. Ni ma in na cuci ɗiyan mutane gara in sani tun ina da bakin neman gafara. Amma Usaini, kada ka kai ni. Ka ce tsinta ka yi. Saura kaɗan gare ni, ka ga ƙafar nan. Ka bar ni in ƙarasa a nan."

Na ce haba Iya, ni zan kai ki?

Ta ce in rantse. Na ce wallahi, tallahi, sunanta ba zai fito daga bakina ba. Ta ƙulla mini zogale a leda ta ce in kai wa Saudat, yana ƙara jini.

Ranar Laraba na ɗauki hutun rabin yini, na saka gwangwanin a leda biyu, na tafi ofishin da ƙarfe tara. Na shirya labarina tsaf: na tsaya fitsari a gefen hanyar Jidda na gan shi cikin yashi. Na farkon da na samu ya leƙa gwangwanin ya yi dariya, ya ce in kai wa masu gwangwan. Na ce ya dai ɗaga ya ji. Ya ɗaga, dariyar ta tsaya, ya kira wani. Wancan ya zo da wata na'ura kamar rediyo, ya kara ta, ta fara ƙaf-ƙaf-ƙaf da sauri. Cikin minti goma an fitar da kowa daga ɗakin, an zo da safar hannu, an sa ƙarfen Iya Ɗaso a wani akwati mai murfi biyu. Ni kuma aka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi, aka kawo mini ruwa.

Jami'in da ya zo bai yi mini tsawa ba, gaskiya. Matashi ne, mai ladabi, har ya yi wa Amatullahi addu'a da ya ji ina da yarinya marar lafiya. Ya rubuta labarin fitsarina har ƙarshe, sannan ya ajiye biro ya ce, "Ya ammi, baffana, ba a taɓa harba wannan abu a hanyar Jidda ba. Inda aka harba shi ya fi kilomita dubu daga nan. Kuma wanda ya kwana a yashi ba ya ƙamshin man zaitun."

Na ce ni dai tsinta na yi.

Ya ce to. Ya fita, ya bar ni har aka yi azahar, aka raka ni na yi salla, aka dawo da ni. Da ya dawo yana riƙe da iƙamata. Ya ce sun kira kafilina, wato kamfanin da nake wa aiki, an tabbatar ni direbansu ne. Ya ce matsalar ita ce wannan kayan yaƙi ne, kuma na ɗauke shi cikin motar da ke kai baƙin Allah Harami. In an san asalinsa, magana ta ƙare yau. In ba a sani ba, dole a buɗe fayil, kuma muddin fayil na buɗe iƙamata a dakace take, da ta duk wanda ke kanta. Ya duba takardar gabansa ya ce, "Yarinyar, yaushe ne zuwanta asibiti na gaba?"

Na ce Lahadi ta sama.

Ba barazana ya yi mini ba, tsarin ya gaya mini, kuma na san haka tsarin yake. Asibitin nan ba sa buɗe maka ƙofa sai na'ura ta karɓi lambar iƙama.

Mutane suna tambayata ko na daɗe ina tunani. Ina so in ce na daɗe. Ban kai minti biyu ba. Na faɗi sunanta, na faɗi lungun, har na ce ƙofar kore ce kusa da mai gyaran murhu, don kada su yi ta buga gidajen mutane su tashi wasu. Na roƙe shi, na ce tsohuwa ce, ba ta san mene ne ba, mijinta ne ya tsinto. Ya ce ya yarda, babu wanda zai tuhume ta da laifin ƙarfe. Ya miƙo mini iƙamata, na sa hannu a wuri uku, na fito ana kiran la'asar.

Na yi niyyar in wuce Hindawiyya in ce mata ta bar ɗakin. Na tsaya a bakin titi na yi lissafin abin da zai biyo baya in suka je ba su same ta ba, da wanda za su dawo wa. Na hau motar Kudai na tafi gida.

Da safe suka je. Waɗanda suka gani sun ce ba a yi mata wulaƙanci ba. An kara na'ura a ɗakin, an ɗauke tabarma da akwatin da take ajiye hankicin, an duba hannuwanta. Jami'in ya cika alkawari, ba a ce ta yi laifin komai ba. Sai da aka zo rubuta sunanta a takarda aka ce ta kawo iƙama. Daga nan aka wuce da ita gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Aka ɗauki hoton yatsunta goma da na idonta. Ta yi sati biyar a can, azumi ya same ta a ciki. Bayan salla aka sa ta a jirgin Yamai da jaka ɗaya.

Unguwa ta rabu biyu a kaina. Rabi suka daina amsa sallamata, Abdulwasi'u mai tasi har ya tofa yawu da na wuce. Rabin kuma suka bi ni a ɓoye suna tambayar inda ake gwada yara, masu takarda suka kai nasu, marasa takarda suka yi shiru. Duk waɗanda aka gwada ba a sami komai ba. Matar Mukhtaru ta sa almakashi a kan ɗanta. Ni na yi azumi uku na kaffarar rantsuwa. Na ji kunya, kuma har yau ina ji, amma in aka mayar da ni ɗakin nan mai sanyi abin da na yi shi zan sake yi, ba zan yi wa kowa ƙarya ba.

Takardar sakamako ta fito bayan wata biyu. Na kai wa likita ta karanta mana, don Larabcin ofis ba irin na tasha ba ne. Layi huɗu ce. Ƙarfen dai yuraniyom ne, irin na harsashi. Abin da yake fitarwa kaɗan ne. A ɗakin an sami ɗan burbushi a akwati, ba a samu a tabarma ba. Game da ciwon yarinya, ba za a iya tabbatar da alaƙa ba, ba za a iya kore ta ba.

Saudat ta ce, "Shi ke nan?"

Likitar ta ce shi ke nan. Ta ce ta so a ce tana da abin da ya fi wannan.

Saudat ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu ta sa a jaka, ta je ta zauna kusa da gadon Amatullahi tana ɓare mata lemo. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Yarinyar tana nan, ana ta magani, wani watan a ce jini ya yi kyau, wani watan a ce a ƙara haƙuri.

Wata Juma'a bayan hajji ina wanke mota a tasha sai ga kira daga lambar Nijar. Wani ne ya ce sunansa Ja'afaru, jikan yayan Maman ne, a gidansa tsohuwa take a wani ƙauye bayan Damagaram, ta dame shi sai ya nemo lambata. Na ji ana miƙa waya, na ji numfashinta. Na jingina da mota na jira zagi.

Ta ce, "Usaini, ya jikin ɗiyar?"

Na ce da sauƙi, Iya.

Ta tambayi Saudat, ta tambayi jaririn Mukhtaru, ko cibiyarsa ta warke da kyau. Ta ce nan ba ta san kowa ba, yara suna ce mata Balarabiya, ruwan rijiyarsu kuma ya ƙi cikinta. Ba ta ambaci rantsuwata ba, ko da wasa. Na buɗe baki zan nemi gafara sai ta katse ni.

"An ce takarda ta fito. Mi suka ce? Ƙarfen ne?"

Na san layukan nan huɗu kamar fatiha. Na duba su a raina, na rasa wanda zan miƙa wa tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu a wayar aro. Na ce, "Ba shi ba ne, Iya. Sun auna, sun ce ba ƙarfenki ba ne."

Ta yi hamdala ta fi a ƙirga. Na ji tana gaya wa mutanen gidan ba ta cuci ɗiyan kowa ba, hukuma da kanta ta wanke ta. Sannan ta dawo kan wayar.

"To Usaini, tunda ba ni da laifi, sai ka koma wajen yaron nan mai ladabi ka gaya mishi su maido ni. Ka ce ba ni son komi, ko ɗakin ma su riƙe. Ƙafar ta kai gwiwa yanzu, ka ce su hanzarta."

Wanda aka ɗauki yatsunsa a tarhil, ko yana da ƙuruciya, sai ya shekara da shekaru kafin a sake buɗe masa ƙofa. Kowane direba a tashar nan ya san wannan.

Ta ce, "Kana jina?"

Na ce ina ji, Iya.

"Za ka je?"

Na ce zan je ranar Lahadi.

Ta ce Allah ya yi mini albarka, bari ta sa Ja'afaru ya wanke mata jakarta.